Inuwar Shaho a Kan Tuta

Kurtun da ke gadin ƙofar bariki ya sake tura shi baya da gindin bindiga, amma Mai Tuta bai saki ƙarfen ƙofar ba. Hannu ne da ya tsufa a kan almakashi, ba yaron jiya ne zai ɓamɓare shi ba.

"Baba, ka tafi gida. Na gaya maka ba a ganin kowa."

"Ni ba kowa ba ne. Ka ga doguwar sandar can ta tsakar fili, wadda ke tsaye tsirara? Tun uwarka ba ta san ubanka ba, duk abin da aka rataya a kanta daga keken ɗinkina ya fito. Je ka gaya wa babbanku mai laifin ya kawo kansa."

"Kai ne mai laifin?"

"Da wa kake tsammani? Kai?"

Abin da ya faru jiya ne da hantsi. Sabuwar gwamnatin soja ta tara jama'a a filin barikin don ɗaga sabuwar tutarta, farin ƙyalle mai shuɗin baki da jar fitila a tsakiya. Aka busa ƙaho, aka ja igiya, iska ta buɗe tutar, rana ta bugo ta ta baya. Sai ga inuwar shaho da fukafukansa a buɗe, ya rungume fitilar kamar zai tashi da ita. Shahon nan kuwa tambarin gwamnatin da aka hamɓarar ne, wadda har yanzu ake bin mutanenta gida gida. Wasu suka yi dariya ba su shirya ba, wasu suka sulale. Kafin azahar sojoji sun zo shago sun tafi da Auta, ɗan Mai Tuta, domin shi ya karɓi aikin, shi kuma ya kai.

Amma ba Auta ne ya yi ɗinkin ba. Tun da aka yi juyin mulki aka rufe iyakoki, farin yadi mai faɗi ya ɓace a gari. Auta ya hau mota ya tafi nema a wani gari, ya bar uban a shago. Shi kuwa Mai Tuta bai taɓa jefar da tuta ba a rayuwarsa. Ya ga masu mulki sun zo da ganguna sun tafi da ƙafa, ya ga masu kaki, ya ga masu manyan riguna, ya ga waɗanda suka ce Allah ne ya aiko su da waɗanda suka ce talaka ne ya aiko su, kuma kowanne ya faɗi sai tutarsa ta dawo shagon nan ta kwanta a buhu. Idan sabo ya hau, sai Mai Tuta ya sa reza ya warware tambarin jiya, ya wanke, ya goge, ya ɗora na yau. Haka ya rayu, haka ya ci da iyali, bai taɓa kwana a hannun hukuma ba. Don haka da Auta ya dawo hannu wofi, sai ya tarar da aiki a ninke cikin takarda.

"Kai musu," in ji uban. "Kada ka buɗe, ka ɓata mini ninki. Ku yaran yanzu sai an ba ku sabo kuke iya aiki."

Auta bai buɗe ba.

Hayaniyar bakin ƙofa ta fito da wani saje, sajen ya dube shi ya koma, jim kaɗan aka ce a shigo da shi. Suka bi ta gefen wani fili inda aka zaunar da mutane a ƙasa cikin rana, hannuwa a ka. Mai Tuta ya rage tafiya yana dubawa. Kawuna ne baƙaƙe jere, duk iri ɗaya, kamar an zuba musu hayaƙi.

"Baba!"

Muryar Auta ce. Tsohon ya ɗaga hannu wajen da sautin ya fito, ya ƙi tsayawa, don kada sajen ya gane bai san wanne ne nasa ba.

Ofishin kyaftin ɗin ƙarami ne, fanka na juyawa ba iska. An cire hoton wani daga bango, ƙusar na nan. Kyaftin ɗin kansa bai wuce sa'ar Auta ba, idanunsa jajur, maɓallin wuyansa a buɗe.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Tuta, bai jira an ba shi kujera ba ya zauna. "Yaron da kuka kama ko zaren tutar nan bai taɓa ba. Ni na yi ta, daga farko har ƙarshe. Ku sake shi ku riƙe ni."

Kyaftin ya jingina da kujera yana kallonsa. "Na san ka. Ba kai ne tsohon da ke bakin tasha ba? Wanda ya ce ya taɓa auna wuyan wani shugaban ƙasa, ya ce masa ya rage ci?"

"Na gaya masa. Kuma ya rage."

"Kai ne harsashi ya ratsa kekenka lokacin yaƙi, ka ci gaba da taka shi?"

"Ramin na nan, ka aika a duba."

"Kai ne ka ɗinka tuta cikin jirgin ruwa yana nutsewa?"

Mai Tuta ya ce, "Wannan bai nutse duka ba."

Sajen da ke bakin ƙofa ya ƙyalƙyale. Kyaftin bai yi dariya ba, ya dai shafa fuska da tafin hannu.

"Baba, tun asuba iyaye ke zuwa mini, kowa shi ne ya yi laifin ɗansa. Wata tsohuwa da ko tsayuwa ba ta iyawa ta rantse ita ta ƙona motarmu. Kai kuwa garin nan kaf an san babu abin da ba kai ka yi ba. Ɗanka ya ce shi ya ɗinka. Ya faɗa da bakinsa."

"Ƙarya yake! Yaron nan ko layi madaidaici ba ya iya ja sai na tsaya a kansa!"

"To wa zan gaskata?"

"Wallahi tallahi ni ne. Kawo Littafi in dafa."

Duk labaran da ya sha zubawa a bakin shago, mutane na tafawa suna cewa ƙara mana, Baba, yau su ne suka tsaya tsakaninsa da ɗansa. Ya zame daga kujerar ya durƙusa. Gwiwar nan da yake cewa ba ta taɓa ƙasa don wani mahaluki ba, ta taɓa simintin ofishin yaron da bai wuce sa'ar ɗansa ba.

"Tashi, tashi," in ji kyaftin, ransa a ɓace. Ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin tebur. "Saje, kama can."

Suka ware tutar suka ɗaga ta jikin taga. Haske ya cika ta.

"Tunda kai ka yi, zo nuna mini bakin shahon."

Mai Tuta ya matso. Ya ga fari. Ya ga jan abu a tsakiya. Ya ƙanƙance ido, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen. Fari ne dai, fari fat, kamar yadda ya gan shi ranar da ya goge shi ya ninke. Ya san a ka yadda abin yake: inda tambari ya rufe, rana da ƙura ba sa taɓawa, sai wurin ya fi sauran haske, shi ya sa a da kullum yake ɗaga ƙyalle a rana kafin ya ɗora sabo. Ranar nan ma ya ɗaga. Ya ɗaga bai ga komai ba.

Ya miƙa yatsa ya dangwala inda yake zaton kan yake.

"Nan."

Fanka na ta juyawa.

"Wannan wutsiya ce," in ji sajen a hankali.

Kyaftin ya saki gefen tutar. Ya ɗaga hannunsa daga inda yake tsaye. "Baba, yatsu nawa ne nan?"

"Ni ba yaron makaranta ba ne da za a yi mini jarrabawa."

"Yatsu nawa?"

Tsohon ya juya kai gefe.

"Yanzu na yarda da kai," in ji kyaftin. "Mai ido ba zai bar wannan ta fita daga shagonsa ba."

Maganar ta shige shi kamar allura ƙarƙashin farce, amma ya haɗiye. "To alhamdulillahi. A kawo ankwa."

"In kai wa manyana makahon tsoho in ce ga wanda ya ci mutuncin gwamnati? Sai su ɗaure ni tare da kai. Su saurayi suke so, mai ƙarfi, wanda za a ce turo shi aka yi. Da magariba babbar mota za ta zo ta kwashe na filin can, kuma inda take kai mutane ni kaina ban taɓa zuwa ba."

"Ɗana, ka dubi Allah. Shi kaɗai ya rage mini."

Kyaftin ya koma ya zauna, ya daɗe yana kallon sandar da ke tsakar fili ta taga.

"Gobe da safe Janar zai zo duba barikin nan. Sandar can babu komai a kanta. Na aika ko'ina, an ce babu yadi. In ya zo ya tarar da ita haka, nawa ya ƙare." Ya juyo. "Ka kawo mini tuta mai tsabta, da sauran rana a sama don in ɗaga in duba da idona. In ta yi, zan ce bincike ya nuna kuskure ne, in ba ka ɗanka ta ƙofar baya. In rana ta faɗi, kada ka zo."

Mai Tuta bai san lokacin da ya fito titi ba. Ya tari bas, ya shiga, aka matsa masa. A da in ya shiga bas sai ya mai da ita majalisa, direba na kallon madubi yana dariya. Yau wata mata da ta san shi ta ja mayafi ta rufe fuska, wani ya sauka tun bai kai inda za shi ba.

Layin 'yan yadi rabinsa a rufe. Ya bi shago shago yana shafa bandir da hannu. Akwai mai fure, akwai mai ratsi, akwai baƙi da ruwan ƙasa. Wani ya ce babu tun bai gama tambaya ba. Wani ya yi kamar yana salla. A ƙarshen layin ya sami Dogo mai yadi, abokin faɗansa tun suna samari, yana jan ƙofar shago zai kulle.

"Dogo, tsaya."

"Kai, tsohon banza, so kake a haɗa da ni? Shigo ciki, kada a gan mu."

Suka shiga. Dogo ya tura ƙofa.

"Fari nake so, mai faɗi. Ko nawa ne. Ka ɗauki keken, ka ɗauki shagon."

"Me zan yi da kekenka mai ramin harsashi?" Dogo ya yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. "Da ina da shi, wallahi kyauta zan ba ka. Auta a hannuna ya girma. Duba da kanka."

Ya jawo kwali. Guntaye ne, wani kamar hankici, wani kamar ɗaurin ciwo.

"Haɗa su zan yi."

"Tuta mai faci? Ka kai wa soja? Ashe so kake su harbe shi a gabanka."

"To ina farin garin nan ya tafi? Duk ku ne kuka ɓoye, munafukai, kuna jira ya yi tsada!"

"Ina ya tafi?" Dogo ya zauna a kan benci. "Ka manta makon da aka yi harbe-harben nan? Layi aka yi a ƙofar shagon nan har bakin titi, kowa na kuka. Fari ya bi mutane ƙarƙashin ƙasa, ɗan'uwa. Wasu ma a zanen gado aka kai su."

Mai Tuta ya tsaya da guntun ƙyalle a hannu. Sannan ya ajiye shi cikin kwalin, ya buɗe ƙofa ya fita ba sallama.

La'asar ta yi lokacin da ya isa gida. Shagon shi ne ɗakin gaba, bayansa ɗan fili da igiyar shanya. A can ya tarar da matar Auta. Ta zazzage buhunan tsofaffin tutoci duka, ta baza su a ƙasa, fuskarta ta kumbura da kuka. Ita ce yarinyar da tun da aka kawo ta gidan bai bari ta taɓa kekensa ba, wai hannun mace na sa allura karyewa.

"Baba, ka gan shi?"

"Na gan shi. Lafiyarsa lau, har ya yi ƙiba." Ya gaya mata abin da kyaftin ya ce.

Ta dubi sama, ta dubi inuwar katanga da ta fara cin filin. "To ga waɗannan. Ko ɗaya ba za ta yi ba?"

Akwai da yawa da aka riga aka warware tambarinsu, suna jiran ranar amfani. Mai Tuta ya ɗauki ɗaya ya ɗaga wa rana. Fari. Ya riƙe ta haka, sannan ya sauke.

"Ke 'yar nan. Zo ki ɗaga. Ki gaya mini abin da kika gani."

Ta dube shi. Ba ta tambayi dalili ba. Ta karɓa ta ɗaga.

"Akwai takobi, Baba. Biyu, a gicciye."

"Na masu gashin baki ne. Sun ce za su yi shekara ɗari. Ajiye. Wannan fa?"

"Rubutu ne. Ana iya karanta shi ma."

"Waɗannan su ne masu wa'azi a rediyo. Ban san abin da ya ce ba, kamar fure na ɗinka shi. Ajiye."

"Wannan itace ce mai rassa. A bayanta kuma kamar akwai wani abu, kamar kan doki."

"Ta yi wa gwamnati biyu aiki ke nan. Ɗauko wata."

Haka suka bi su. Kowane ƙyalle da ya rantse ya wanke shi tas, ta ɗaga sai ta kira abin da ke ciki. Shaho ya fito sau da yawa. Tun tana faɗa da ƙarfi har ta koma raɗa, har ta ɗaga ta ƙarshe ta sauke, ta zauna a kan tarin ta rufe fuska.

"Shi ke nan. Za su tafi da shi."

"Wa ya gaya miki? Ni ina raye?"

Ya shiga ɗakinsa. Ta ji yana jan akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, ta ji ƙarar kwado. Ya fito rungume da wani ƙunshi cikin leda, ƙanshin turare na binsa. Ya ɗora a kan teburin yanka ya kwance. Farin yadi ne mai kauri, sabo fil, ko almakashi bai taɓa shi ba.

Matar Auta ta miƙe, hannu a baki. "Baba, wannan ai..."

"Yadi ne."

"Likkafaninka ne!"

"Sai an sa mutum a ciki yake zama haka. Yanzu yadi ne." Ya shafa shi da tafin hannu. "Ranar da uwar mijinki ta rasu na sayi bandir guda, na yanka mata rabi na ajiye rabi. Taɓa ki ji. Duk garin nan, da masu kuɗinsa da masu mulkinsa, babu wanda za a kai da irin wannan. Na gaya wa Dogo, ranar da za a naɗe ni ya matso kusa ya ga abin da ake kira yadi, ya mutu da baƙin ciki."

"Auta ba zai yarda ba."

"Auta yana zaune a rana da hannu a ka, ba a tambaye shi ba. Ɗaga ki duba mini."

Suka kama gefe da gefe suka fita fili. Rana ta sauko daidai kan katanga. Ta duba daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta sake dubawa.

"Babu komai. Tas yake."

"Kin tabbata? Duba da kyau, ɗiyata. Ni..." Ya kare ido da hannu. "Ni hasken nan yana damuna."

"Na tabbata, Baba."

Suka koma ciki da sauri. Ya sa ta warware shuɗin bakin wata tsohuwar tuta, ya sa ta zana fitila da alli a kan jan ƙyalle yana gaya mata inda za ta lanƙwasa. Ya jawo kujerar keken, ya dafa ta, sannan ya tura mata.

"Zauna. Ke za ki bi layi, ni zan riƙe miki ƙyallen. In kika karya mini allura, sai na gaya wa mijinki."

Ta zauna tana share ido da bakin zane. Shi kuma ya shimfiɗa farin yadin, ya auna da kamu ɗaya bayan ɗaya, ya sa farce ya yi alama. Ya ɗauki almakashi ya buɗe bakinsa a kan alamar, ya ce bismillahi.

"Baba," in ji ta, "to kai fa? Ranar da Allah ya yi nasa ikon, da me za mu..."

Ya nuna tarin tutocin da ke baje a fili da bakin almakashin.

"Ga su can, fari ne su ma. Ki zaɓi wadda shahonta ya fi fitowa, wannan ni na san na ɗinka shi da kyau. Inda za ni ba wanda zai ɗaga ta ya duba a rana."

Almakashin ya shiga yadin da ƙara mai daɗi, ya tafi sumul har ɗaya gefen.

"Kama nan, ja sosai. Inuwa ta kai ina?"

"Ta kai igiyar shanya."

"To taka."